"Madubi": Silimar da Sai an Sake Kallo

'Yan'uwa, ranar da muka fara kallon "Madubi", silimar da Andrei Tarkovsky na ƙasar Rasha ya fitar a 1975, mun tashi ba mu kama kan labarin ba. Yanzu ana ƙuruciya, an jima ana yaƙi, can kuma sai mafarki. Muka ce ɓata lokaci ne.

Da muka sake zama muka kalla, sai muka gane. Wani mutum ne kwance yana jinya, ba a nuna fuskarsa, yana tuna baya. Ai tunani ba ya bin layi. Ya tuna rumbu yana cin wuta ana ruwan sama. Ya tuna mahaifiyarsa tana gudu zuwa maɗaba'a a zamanin Stalin, don tsoron ta bar kuskure a rubutu, abin da kan iya kai mutum kurkuku.

Rayuwar Tarkovsky ce kansa. Mahaifinsa Arseny, marubucin waƙa, ya bar gida tun yana yaro, uwar ce ta rene shi da ƙanwarsa. Mace ɗaya, Margarita Terekhova, ta fito a uwar majinyacin da kuma matarsa, domin in ya tuna uwar, fuskar matar yake gani. Tsohuwar da ke jan yara a ƙarshe kuwa mahaifiyar Tarkovsky ce ta gaske, Maria Vishnyakova, wadda ta rasu a 1979.

Ashe ya samu ya nuna mata ya san wahalar da ta sha tun tana da rai. Mu fa, yaushe rabonmu da zama da tsofaffinmu?