Haƙƙin talaka ne ya san inda harajinsa ya shiga

A watan Fabrairun 2011 Nijar ta kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ya duba. Ke nan manomi ko makiyayin Birnin Lalle, a yankin Dakoro, yana da hurumin tambayar ma'aikatar magajin gari inda harajinsa ya shiga. Amma doka ba ta tashi da kanta, sai an tsaya mata. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna matsa wa gwamnati ta bayyana kwangilolin uraniyom da man fetur. Jagoran ROTAB, Ali Idrissa, har kurkuku ya shiga a 2018 kan adawa da dokar kasafin kuɗi. Jama'a, mu mara musu baya, mu riƙa tambaya ba tsoro.