Tsofaffin kakin sojan Jamus: sai da takarda ake gaskata tufa

A kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka akwai wata haja wadda ba a ci, ba a kuma sa ta a fita unguwa, amma masu sha'awa na zuba mata dukiya: tsofaffin kakin sojan Jamus, da hulunan kwano, da lambobin girma, da takardun aiki na sojojin da suka yi yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. Da yawa daga cikin kayan nan sojojin da suka ci Jamus da yaƙi ne suka kai su gida a matsayin ganima. Da mazan jiya suka kwanta dama, sai magada suka fito da akwatunan kasuwa. To, ɗan kasuwa ya sani, duk inda riba ta yi yawa, macuci ba ya nisa.

Abin da tufa ke faɗi

Ga wanda ya iya karatunsa, kakin Jamus tamkar rubutu yake. Hular fata mai tsini a bisa, wadda masarautar Furusiya ta fito da ita cikin shekara ta 1842, ta kai har farkon yaƙin duniya na farko. Cikin 1916 aka maye gurbinta da hular ƙarfe, domin fata ba ta tare tarwatsin harsashin igwa. Ta yaƙi na biyu iri uku ce: ta 1935 da ta 1940 an naɗe bakinsu, ta 1942 kuwa an bar bakin haka nan, saboda masana'antu na gaggawa. Launin zaren da ya kewaye kafaɗar riga shi ke nuna sashen soja: fari na dakarun ƙasa, ja na ƴan igwa, ruwan hoda na masu tankoki, baƙi na masu gina gada da tone nakiya.

Lambar girma da ta fi shahara ita ce Gicciyen Ƙarfe, wanda sarkin Furusiya ya ƙirƙiro cikin 1813, aka sabunta shi cikin 1870, da 1914, da 1939. Shekarar sabuntawa tana rubuce ga ƙasan gicciyen. Na gaske galibi baƙin ƙarfe ne a tsakiya, an rufe gefensa da farin ƙarfe gida biyu, shi ya sa masu saye ke yawo da maganaɗisu cikin aljihu. Wanda aka zuba dunƙule guda abin tuhuma ne.

Sana'ar ƴan jabu

Masu tara kayan suna da dabarun gwaji. Sukan haska tufa da fitila mai shuɗin haske cikin duhu: zaren da aka yi bayan yaƙi, wanda aka sa ma sinadarin ƙara fari, yakan yi walƙiya. Sukan ƙona silin zare: ulu da auduga su zama toka, na roba ya narke. Amma ƴan jabu su ma sun yi karatu. Wani ya sami rigar gaske ta ƙaramin soja, ya ɗinka mata galo da tambarin wata shahararriyar runduna, kuɗinta ya ninka. Tufa ta gaske, zare na gaske, labari na ƙarya.

Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Konrad Kujau, dillalin tsofaffin kayan soja a birnin Stuttgart. Ya fara da haɗa wa hajarsa takardun shaida na bogi, ya ƙare da rubuta kundaye wajen 60 da sunan littattafan sirri na Hitila. Mujallar Stern ta biya mark miliyan 9 da dubu 300, ta yi shelar abin cikin watan Afrilu na 1983. Ba a yi sati biyu ba gidan ajiyar takardun tarihi na Jamus ya tabbatar da cewa takardar da zaren ɗaurin duk bayan yaƙi aka yi su. Cikin 1985 kotu ta yanke ma Kujau shekara 4 da rabi.

Littattafai biyu da faranti guda

Saboda haka ne ƙwararru suka fi daraja kayan da suka zo tare da takardun mai su. Sojan Jamus na yaƙi na biyu yana da littattafai biyu. Na farko, mai suna Wehrpass, yana ajiye a biron rundunarsa, ana rubuta inda aka tura shi da yaƙoƙin da ya halarta. Na biyu, Soldbuch, littafin albashi ne kuma katin shaida, yana aljihunsa kullum: muƙami, kayan da aka ba shi, allurar rigakafi, kwanciya asibiti, hutu, lambobin girma, da adireshin iyali. Ma'aikacin gwamnati zai gane aikin nan da sauri. Ana duba ko hatimi ya dace da sa hannu, ko rundunar tana wurin da aka ambata a ranar da aka ambata, ko lambar da ke ƙirjin riga tana cikin littafi. Ƙarya guda tana da sauƙi. Ƙarya talatin da za su dace da juna sai gwani.

Takardun nan suna da wata darajar. Cikin watan Afrilu na 1945 bama-bamai sun ƙone gidan ajiyar takardun soja na Potsdam, mafi yawan kundayen rundunar Furusiya suka salwanta. Ga iyalai da dama, ɗan littafin da ya rage cikin akwati shi kaɗai ne shaidar aikin kakansu.

Sai kuma farantin wuya, ɗan ƙarfe mai siffar ƙwai da ake karyawa biyu idan soja ya mutu: rabi ya zauna ga gawa, rabi a kai biro. Na yaƙi na biyu ba ya ɗauke da suna, sai runduna da lamba, waɗanda ake dubawa cikin rajistar da ke Barlin. Har yau ƙungiyar Jamus mai kula da kaburburan yaƙi, wadda aka kafa cikin 1919, tana tono ƙasusuwa a Gabashin Turai. Idan masu haƙa don kasuwa suka riga ta ɗauke farantin, mamacin ya rasa sunansa ke nan har abada.

Rabon Afirka

Jamus ta mallaki Togo da Kamaru daga 1884, kuma akwai Hausawa cikin ƴan Afirka da ta ɗauka aikin bindiga. Sojojinta na Kamaru, masu kaki da jar dara, sun riƙe Garwa har watan Yuni na 1915, dutsen Mora kuwa har Fabrairu na 1916. Masu tarihi sun ruwaito cewa cikin 1964, da Jamus ta Yamma ta aika a biya tsofaffin askarawanta na Gabashin Afirka a garin Mwanza, kaɗan ne suka zo da takarda. Wasu suka kawo tsumman kaki. Sauran aka ba su tsintsiya a madadin bindiga, aka yi musu umurnin fareti da Jamusanci, aka biya waɗanda suka tuna.

Doka da lamiri

Kayan 1933 zuwa 1945 suna ɗauke da alamar mulkin Nazi, wanda ya hallaka Yahudawa miliyan 6 da wasu al'ummomi. A Jamus nuna alamar a bainar jama'a na iya kai mutum kaso har shekara 3, sai fa don ilimi, ko bincike, ko fasaha. A Faransa ma doka ta hana sa kakin ko baje shi, in ba don fim, ko wasan kwaikwayo, ko nunin tarihi ba. Cikin watan Nuwamba na 2019, da aka yi gwanjon wasu kayan Hitila a Munik, wani attajiri ɗan asalin Labanan, Abdallah Chatila, ya kashe sama da yuro dubu 500, wato fiye da miliyan 300 na sefa, ya saye su don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka Nazi, sannan ya ba da su kyauta, suka ƙare a gidan tunawa na Yad Vashem.

Wanda ya ci karo da irin wannan haja, shawarar masana ita ce kada ya wanke, kada ya goge, kada ya raba riga da takardunta don ya sayar ɗaya-ɗaya, ya kuma binciki dokar ƙasar da zai kai ta kafin duwan su buɗe jakarsa.