Gida A Bakin Kududdufi: Maganar Inshorar Ambaliya

Duk wanda ya san Birnin Kano ya san kududdufanta. Asalinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Da damina su ne ke shanye ruwan unguwa, abin da ya saura ya gangara Jakara. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. A watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a Kano.

To, mai gida a bakin kududdufi ko a kwarin Jakara, ina dabara? Ɗaya daga cikin dabarun ita ce inshora, watau mutum ya riƙa biyan kamfani kuɗi kaɗan kowace shekara, in hasara ta auku a biya shi diyya. Amma akwai tarko. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa, sai an rubuta ambaliya ƙarara a cikin takardar yarjejeniya. Ko a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta haɗa da ambaliya, har gwamnati ta kafa shiri na musamman dominta a 1968.

Saboda haka muna ba masu karatu shawara uku. Da fari, a karanta takardar tun daga farko har ƙarshe kafin a sa hannu. Na biyu, a faɗi gaskiya: in ginin na ƙasa ne da azara, ko ruwa ya taɓa shiga zaure, a bayyana, gama wanda ya ɓoye yana iya rasa diyya ranar da ya fi bukatarta. Na uku, kada a fasa yaɓe da gyaran indararo da yashe kwata, don kamfani ba ya biyan abin da sakaci ya jawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda tsoron riba. Domin irinsu ne hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fito da ƙa'idojin takaful a 2013. A takaful jama'a ke tara gudummawa cikin asusu guda, a tallafi wanda masifa ta faɗa wa daga ciki, kamar dai gayya. Ko wanne aka zaɓa, a tabbata kamfanin yana da lasin na hukumar.

Malamai da akawuna, ku ne ake kawo wa takarda ku karanta a unguwa. Ku fahimtar da maƙwabta tun da rani, gama ba a sayen inshora bayan ruwa ya shiga ɗaki. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.