Daga Tamanraset zuwa Agadas: yadda shawarar aminai ta buɗe wa wani mumpe ido

Cikin shekara ta 1984, Monsinyor Hippolyte Berlier, wanda ya shugabanci cocin Katolika na Nijar daga birnin Yamai tun 1961, ya aje aiki. Maimakon ya koma Faransa, sai ya nufi ƙasar Abzin ya zamna cikin makiyaya, har ya rasu a Agadas cikin 1992. Kafin shi, wani mumpe mai suna Jean Ploussard, wanda ya rasu cikin 1962, ya kafa lakkwal a Cirozerin, arewa da Agadas, domin ɗiyan Abzinawa. Wannan hanya da suka bi, wani ya riga su share ta: Charles de Foucauld, mutumin da kusan kowane babban mataki na rayuwarsa, amini ne ya nuna masa shi bayan ya aje wani aiki.

An haifi Foucauld a Strasbourg cikin 1858. Hafsan soja ne mai son shagali, wanda ya yi watsi da addini tun yana saurayi. Cikin 1882 ya tuɓe kaki, ya kuma ratsa ƙasar Maroko daga 1883 zuwa 1884, sanye da tufafin Yahudawa. Ganin yadda Musulmi suke tsai da salla, a gida ko a daji, shi ya fara tayar masa da tunanin Allah. Da ya koma Pari, ɗiyar gwaggonsa, Marie de Bondy, ta haɗa shi da wani malamin coci, Henri Huvelin. Cikin Oktoba 1886 ya koma ga addinin iyayensa, kuma Huvelin ne ya ba shi shawarar ziyartar Ƙudus da Nazarat.

Bayan shekara bakwai cikin gidan masu ibada, ya nemi izini ya fita. Daga 1897 zuwa 1900 ya zamna Nazarat cikin wata ƴar bukka, yana shara da aike, yana karatu. An naɗa shi mumpe cikin 1901, ya sauka Beni Abbas, ƙasar Aljeriya. Can ma wani tsohon abokinsa na soja, Henri Laperrine, ya ja hankalinsa zuwa kudu. Cikin 1905 ya kafa bukka a Tamanraset, da yardar Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar. Wani abokin, Motylinski, ya zo cikin 1906 ya taimaka masa kan nazarin harshensu.

Babban darasin ya zo cikin 1908. An yi fari, ciwo ya kwantar da shi, sai maƙwabtansa Musulmi suka bi ƙasa suna neman awaki masu sauran nono, suka shayar da shi har ya tashi. Wanda ya zo da niyyar bayarwa ya koyi karɓa. Har ya bar duniya bai yi wa Ba'abzine ko guda baftisma ba. Abin da ya bari shi ne ƙamus na Tamashek da Faransanci, kundi huɗu, wanda aka buga cikin 1951 da 1952.

Duk da haka, buɗewar idonsa tana da iyaka. Ya goyi bayan mulkin Nasara a Sahara, yana kuma musayar wasiƙu da hafsoshinsu. An kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, ƴan kwanaki kafin Kawsan ya kewaye barikin soja na Agadas, yaƙin da ya kai har Maris 1917. Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyan coci ranar 15 ga Mayu 2022.

Wannan labari ya shafi Nijar kai tsaye. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, abin da ya nuna zaman tare yana bukatar sanin juna. Ma'aikacin da ya samu dogon hutu, da ɗan kasuwar da ke jiran ayari, duka suna da lokacin da za su tambayi amini, ko da addininsu bai zo ɗaya ba, littafin da ya kamata su karanta da malamin da ya kamata su saurara. Hausawa sun ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci.