Zanen Da Ya Yi Kama Da Mafarki Ba Shirme Ba Ne

Sau da yawa idan aka nuna wa mutumin Minna zanen tawada mai ɗauke da mutum da kan tsuntsu, ko itaciya mai idanu, sai ya yi tsaki ya ce mai zanen bai iya ba. Alhali kuwa da gangan ya yi. Wannan salo ne da Turawa ke kira suriyalizim, watau zana abin da mafarki ke nunawa. Wani marubucin Faransa, André Breton, shi ne ya bayyana manufarsa a birnin Paris cikin 1924.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Bayan ya yi karatun zane a London, sai ya komo ga alƙalami da tawada, yana jan haruffan Larabci har su rikiɗe su zama fuskoki. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, inda ya riƙa yin zane a ɓoye bisa guntayen takardun buhun siminti, yana binnewa cikin yashi. Abin da baki ya ji tsoron faɗa, tawada ta faɗe shi.

Mu ma a Jihar Neja idonmu ya saba da irin wannan. Marigayiya Ladi Kwali, wadda ta yi aiki a Suleja ta kuma rasu a Minna cikin 1984, ta ƙawata tukwanenta da ƙadangaru da kunamu da kifaye waɗanda ba su yi daidai da na zahiri ba, amma ba wanda ya ce ta kasa. Hotonta ne ma ke bayan takardar naira ashirin.

Saboda haka idan ka tsaya gaban irin wannan zane, kada ka yi gaggawar tambayar da me ya yi kama. Bi layin tawadar daga inda ya faro, ka dubi inda launin ruwa ya malala ya bushe, domin wannan aiki ba ya karɓar gyara: abin da ya taɓa takarda ya zauna. Sa'an nan ka tambayi kanka abin da ya tayar maka a zuci. Wanda ya yarda Gizo ya yi magana a tatsuniya, bai kamata ya hana itaciya idanu a takarda ba.