Wane Ne Yake Cewa "Ni"?

Ku lura da maganar da muke yi kullum: "na yi wa kaina faɗa", "zuciyata ta ce mini". Mai faɗan da wanda ake yi wa faɗan mutum guda ne. To, yaya guda ya zama biyu?

Azumi ya fi kowace ibada fito da wannan al'amari sarari. Makiyayi yana can kwarin Tarka da tsakar rana, ga salka cike da ruwa, ba kowa kusa. Maƙogwaro ya ce sha. Wani abu a cikinsa ya ga wannan sha'awa, ya san tasa ce, ya hana. Ashe ba ƙishirwa kawai yake ji ba, ya san cewa shi ne mai jin ta. Wannan rai mai juyowa ya tuhumi kansa shi malamai ke kira nafsul lawwama, wanda Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratul Ƙiyama.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misali. A ƙaddara an halicci mutum cikakke nan take, yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma zai san akwai shi. Da haka ya kafa hujja cewa rai daban, jiki daban.

Wani masanin Amurka, Douglas Hofstadter, ya bi wata hanya a littattafansa na 1979 da 2007. A ganinsa, ƙwaƙwalwa tana ajiye surar kowane abu: rijiya, raƙumi, maƙwabci. Daga nan sai ta ajiye surar mai ajiyar kansa, surar kuma ta koma tana juya tunanin da ya haife ta. Wannan kewayen, in ji shi, shi ne "ni". Kun san ƙarar da lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matso da makirfo kusa da ita, sauti ya fita ya sake shiga. Kusan haka ne, sai dai lasifika ba ta san ita ce ke kuka ba.

Akwai abin dubawa a maganarsa, domin yaro ba ya gane kansa a madubi sai ya kai wajen shekara ɗaya da rabi. Sanin kai ginuwa yake yi sannu a hankali. Amma bayanin bai kai ƙarshe ba. Ya nuna yadda mutum ke sanin yana jin ƙishirwa, bai faɗi dalilin da ya sa ƙishirwar take da zafi ba. A aya ta 85 ta Suratul Isra'i an tambayi Annabi (SAW) game da ruhi, amsar ta mayar da al'amarin ga Ubangiji.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu shiga babin muhasaba.