Lauje a Cikin Jini

Duk wanda ya taɓa kwana a gefen yaro mai amosanin jini a tsakiyar hunturu, yana gasa masa gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi alhali yaron na murƙususu, ba zai rasa tambayar kansa ba: yaya aka yi cuta mai wannan tsanani, wadda a da ba ta cika barin mai ita ya kai munzalin aure ba, ta ƙi ƙarewa a cikin zuriyarmu?

Jawabin yana wurin sauro. Kowane mahaluki yana gadon asalin jininsa ta fuska biyu, ta uwa da ta uba. Wanda ya gaji sikila ta duka biyun, wato SS, ƙwayoyin jininsa kan tanƙware kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi; amma wanda ya gaje ta ta fuska guda, wato AS, galibi lafiyarsa ƙalau, bal ma ya sami garkuwa, domin zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sha raba uwa da goyonta a damina, ba ya cika kai shi kushewa. Dokta Anthony Allison ne ya kafa hujjar wannan a Gabashin Afirka cikin 1954, kuma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙauyukan Garki, a ƙasar Jigawa ta yau, ya gaskata shi: masu AS kashi 24 ne cikin ɗari na jarirai, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar sun kai kashi 29.

A nan ne mutane kan yi kuskuren fahimta, su zaci jikin kakanninmu ne ya ga sauro ya yi dabara. Ko kusa! Canjin da ya kawo sikila ya auku ne bisa ƙudurar Ubangiji ba da neman kowa ba, sa'an nan zazzaɓi ya yi ta tankaɗe al'umma ƙarni bayan ƙarni, masu garkuwa suna rayuwa suna hayayyafa, har abin da ya faro nadiri ya zama ruwan dare.

Sai dai maslahar tafe take da mafsadarta. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rubu'in yiwuwar zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ta yadda gida ɗaya zai haifi huɗu duk su kuɓuta, maƙwabcinsa kuwa ya haifi masu ciwon uku a jere.